Reshen da Ya Rage

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Kin san ni. Shagon walda biyu na buɗe, na sake ginin gidan Inna tun daga tushe, na aurar da 'ya'ya uku, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Don haka wannan tambaya ce kawai, ba roƙo ba.

Ƙeranar nan, shukar nan mai ƙaya mai hawan katanga da Inna ta dasa kafin ta rasu, iska ta karya ta. Gindin ya mutu. Reshe uku na tsira da su. Biyu na dasa nan take, ina ba su ruwa safe da yamma, suka ruɓe suna wari. Saura ɗaya. Ta yaya Inna take dasa ta?

Ƙaninki.

Auta,

Na amsa gaisuwa, mai shago biyu. Ruwanka ne ya kashe su, ka ɗauka alayyafo ne? Ajiye reshen a inuwa kwana bakwai, bakin ciwon ya bushe. Sannan ka kafa shi cikin yashi, ɓangaren gindi a ƙasa, ka ɗaure shi da sanda. Kada ya ga ruwa sai bayan kwana goma.

Matarka ta turo min hoton reshen. Shekarata sittin da biyu, ban taɓa ganin iskar da take yanka sumul haka ba.

Allah ya yi albarka.
Yayarka.

Yaya,

Barka da war haka. Sau huɗu ina yaga takardar nan.

Ba iska ba ce. Ƙeranar ta rufe allon tallan shagona da ke jikin katangar ne, na sa injin yankan ƙarfe na datse ta, na zuba wa gindin baƙin mai. Sai da na ga katangar fayau na tuna da hannun Inna, duk tabon ƙaya. Yanzu ko ta gaban katangar ba na iya bi, ta ƙofar baya nake shiga gidana.

Na yi yadda kika ce. Ki yafe min.

Yaya,

Gaisuwa. Reshen ya yi saiwoyi, farare kamar zare. Direba zai kawo miki tukunyar da na dasa shi a ciki, wurinki ya dace da ita.

Ki rubuta a jikinta cewa Inna ta dasa, ke kika raya. A ƙasa ki sa wanda ya sare. Kada ki rubuta Auta. Cikakken sunana nake so, da manyan baƙaƙe.

Ƙaninki.