Kin Yi Mini Dariya da Halittar Teku

Murjanatu, ruwan sabuwar randa, inuwar tsamiyar ƙofar gidana, farin watan da nake dubawa tun gemuna yana baƙi! Ina gaishe ki, amma ki sani da fushi na ɗauki alƙalami.

Ɗanmu Maharazu ya kai ki Legas aikin ido. Ido ya warke tun kafin shuka, yau gero yana rumbu, ke shiru! Sai jiya maƙwabcinmu Ikrima ya shigo da wayarsa, wai kin aiko mini da bidiyo. Na gyara zama, ina zaton fuskarki zan gani. Me na gani? Wata halittar teku mai ɓawo biyu, tana wage baki tana rufewa, tana tsalle a karkace cikin ruwa, ta faɗi rim a kan yashi. Ga muryarki a baya, kina ƙyalƙyala dariya, wai tafiyata ke nan zuwa masallaci!

Haba, Murjanatu! Saƙon da ya cancanci mai kwana shi kaɗai da tarinsa ke nan?

Duk da haka na sa Ikrima ya yi ta maimaitawa har ya ƙosa. Halittar ba ta da ƙafa, ba ta da wutsiya. Ruwa take cika cikinta da shi, ta tafa ɓawonta da ƙarfi, ruwan ya fesa baya, ita ta yi gaba. Ƙarfi ya ƙare, ta nutse, ta huta, ta sake tashi. Wannan kike wa dariya?

Kin tuna ɗan'uwanta na rafi, makankarin da kika tsinta cikin yashi a Sandamu muna ango da amarya, wanda kike kankare mini ƙanzo da shi? Yana nan bakin murhunki da ya mutu. Na ɗauka irinsu a laka suke zama har ajali. Haka ku ma kuka ɗauke ni. Maharazu yana ta faɗa wa mutane wai ba zan jure hanya ba. Wa ya tambaye ni?

To ki ji, kurciyata. Ranar Asabar, in Allah ya so, zan shiga mota a Daura, makankarinki a aljihuna. In na gaji a Kano in huta, in sake tashi, a karkace, har ƙofarki. Dariyar nan a gabana za ki ƙarasa ta, ba cikin wayar maƙwabci ba.

Naki da fushinsa, naki har a rufe shi da ƙasa,
Sha'aban