Dalilin da Ya Sa Ake Ce wa Dambe Wasa

Zuwa ga Sa'adiya, sanyin idona, ruwan randa a tsakar bazara, inuwar gawon gonarmu!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata zaman Kano ya karɓe ki, ke da su Baba.

Kin tuna kakar ƙarshe da muka ga gero, a filin damben Makoda, ranar da aka fasa mini leɓe? Kika tare ni da ƙwaryar fura kina harara, kika tambaye ni wane mara tausayi ne ya fara kiran wannan abu wasa. Na yi ta cika baki, amma amsa ba ni da ita. To, yau na samo miki, sai dai ba kya nan!

Baba Mika'ilu, tsohon makaɗinmu, shi ya warware mini. Ya ce kakanni sun ce masa wasa ne domin ba a ɗaure hannu sai gero ya shiga rumbu. Abin ƙoshi ne, mai yunwa faɗa yake yi. Kuma wanda ka kayar, kai za ka miƙa masa hannu ya tashi, ku ci tuwo a akushi ɗaya. Ya ce mutum ɗaya ba ya wasa.

Wayyo Sa'adiya! Shekara biyu ke nan fari ya hana kalangu magana. Samari sun watse ci-rani, filin ya zama makwancin awaki, awakin ma an sayar. Ranar kasuwa nakan bi ta wurin in tsaya kamar wanda ya yi ɓatan kai. Wa zan kayar? Wa zai harare ni? Wallahi kewarki ta fi yunwar nan cin jiki.

Yayana Basiru ya matsa in bi shi kudu, na ƙi. Da Babanki zai tafi da ku, ya bar mini gonarsa da ɗaurin geron irinsa in shuka, ya ce ba zai dawo da ke ba sai gonarsa ta yi amfani. Ɗaurin yana nan rataye a ɗakina. Tafasa nake ci da dusa, ina kallonsa, yana kallona. Ba zan ɓoye miki ba, jiya na sauke shi har ƙasa, na jawo turmi. Sai na mayar da shi, ko zangarniya ɗaya ban karya ba.

Ki roƙa mana ruwa, farin watana. Ki kuma roƙa mini haƙurin da zai kai ni shuka, don har yanzu saura wata uku.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Nata'ala