Maki 999

Hull, 9 ga Maris

Yaya Glenda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malcolm. Yaya gwiwar, tana barin ki hawa bene kuwa? Tunda kunnenki ya ƙi waya, ga takarda, sai ki yi haƙuri da rubutun direban bas.

Yaya, makina ya kai 962. Kin san wanda nake nufi, makin nan da banki ke dubawa kafin ya ba mutum rancen gida. Ƙarshensa 999 ne, kuma na rantse sai na taɓo shi kafin mu nemi gidan nan mai ɗaki biyu da uwargida Lorraine ta ƙwallafa rai a kai. Shekara uku ina lallaɓa abin nan. Ko burodi na saya da kati, kafin in iso gida na biya. Da safe ba na ɗora butar shayi sai na duba waya. Lorraine har suna ta laƙaba mini, wai Gwamnan Babban Banki, ta ce ran da na mutu makin za a rubuta a kabarina maimakon shekaruna.

To, ita ce ma matsalar. Bara, lokacin da babanta ke kwance a asibiti, ta manta kuɗin wayarta wata biyu, fam talatin da takwas kacal. Nata makin ya faɗi warwas, kuma da yake asusunmu ɗaya, kamfanin da ke lissafin ya ɗaure sunana da nata. Na tabbata shi ke riƙe ni. Sau uku na yi mata magana, na ƙarshe ta tashi ta bar abincinta a tebur. Gidan ya yi sanyi kwanan nan, ban ɓoye miki ba, amma ai don ita nake yi. An ce akwai fom na raba suna, zan duba shi.

A gaida Malcolm.

Ƙanenki,
Clive

Hull, 21 ga Mayu

Yaya Glenda,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina fatan maganin da aka canja miki ya karɓe ki. Ni kam lafiyar ke nan dai.

Na tafka ɓarna, Yaya. Na rufe asusunmu na haɗaka, na ce wa Lorraine zai fi sauƙi. Sai fom ɗin. Ashe ba sa raba suna sai an faɗi dalili, dalilin da suke karɓa kuwa shi ne mutum ya ce ba ya tare da matar. Na zaɓi "mun rabu", na rubuta tun Maris, na sa hannu. Na ce a raina wa zai gani, ai na'ura ce ke karantawa.

Ban san suna aika wa ɗayan takarda ba. Ranar Asabar ta iso da sunanta, muna karyawa. Ta karanta sau biyu, ta ajiye kusa da man shanu. Da ma ta yi ihu, da na fi samun sauƙi.

"Ashe tun Maris muka rabu, Clive, ni kaɗai ce ba a gaya wa ba?"

Ni kuma, shashasha, maimakon in durƙusa, sai na shiga yi mata bayanin kuɗin ruwan rance. Kafin azahar ta haɗa akwati ɗaya ta tafi Grimsby wajen mahaifiyarta. Aurenmu shekara goma sha ɗaya. Matar da ta riƙe hayar gida ita kaɗai wata takwas lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, wannan kuwa babu kamfanin da ya rubuta mata.

Ki zage ni in kin ga dama, na cancanta.

Ƙanenki,
Clive

Hull, 3 ga Agusta

Yaya Glenda,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan. Wasiƙarki ta iso, zagin ma ya iso, na gode.

Makin ya cika ranar Talata. Na kalli tara uku ɗin nan a waya, ban ji komai ba. Duk da haka na sa riga mai kyau na tafi banki, ina tunanin in na samo gidan zan sami bakin yi wa Lorraine magana. Ma'aikaciyar ko kallon kirki ba ta yi wa makin ba. Ta ce a wajensu duk wanda ya haura ɗari tara ɗaya ne, tun shekara biyu da suka wuce na isa. Albashi ta tambaya. Nawa ni kaɗai bai kai ba, da namu biyu ne da ya kai har da saura, mantuwar wayar ma ta ce ba ta hana.

Jiya na haye gada na je Grimsby. Ta rame, Yaya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ce in shigo ba. Na gaya mata komai, na ce gobe-goben nan zan rubuta musu cewa ƙarya na yi, a mayar da sunanta jikin nawa, makin ya faɗi har ƙasa in ya so. Ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙo mini makullin gidanmu.

"Bar makin yadda yake," ta ce. "Ka sha wahala kafin takardarka ta yi tsabta. Ni na tafi ne don kada a same ka da ƙarya a ciki."

Kada ki kira ta, ta roƙi a ƙyale ta. Ki kula da gwiwar nan.

Ƙanenki,
Clive