Tsirkiyar Inna

Zuwa ga Yaya Blia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan tarin nan ya saki 'yar autarki. Mu nan mun gama yankan shinkafa. Kurege ya ci rabonsa, mun kwashe saura.

Kin tambayi labarin Kou. Ki kwantar da hankalinki, ƙanen namu ya fi kowa jin daɗi a gidan nan. Tun da tsohon bom ɗin nan na zamanin yaƙi ya tashi da hannunsa na hagu a gona, Baba bai ƙara ganin kowa ba sai shi. Wata biyu cur ya yi yana sassaƙa masa baka mai kunama irin ta bindiga, daidai ma'aunin tsohon bakan shi Baban. Ya sa wa bakan maɗauki a gaba inda zai zura ƙafa, ya ƙera masa ƙugiya a ɗamara. Kou ya sunkuya ya maƙala tsirkiya, ya miƙe, shi ke nan ta ɗanu, sai ya ɗora bakan a kan gwafa ya harba. Ni mai hannu biyu kuwa sai na tokare nawa a cikina na ja har idona ya yi ja. Kuma ni na sassaƙa abina, Baba ko ɗaga kai bai yi ba.

Abin haushin, Yaya, yaron ba ya kuskure. Jiya kazar daji biyu ya kawo, da beguwa. Ni kurege ɗaya, shi ma ramamme. Baba ya ɗaga shi ta wutsiya ya ce, "Nhia, wannan kai ka kashe shi ko yunwa ce ta riga ka?" Kowa ya yi dariya, har matata.

Kin san tsohon bakan Baba da ke rataye a saman murhu don hayaƙi ya riƙa busar da shi. Tsirkiyarsa ita ce ta ƙarshe da Inna ta murza da rama kafin ta rasu. To, Baba ya ce wanda ya ci gasar harbin sabuwar shekara a cikinmu shi zai ɗauka. Ni ne babba a maza, Yaya. Kou ko ɗana wannan baka ba zai iya ba. Kishi nake yi da mai hannu ɗaya. Ina jin kunyar rubuta shi, amma kunyar ba ta rage komai ba.

Ki gaida mutan gidan.

Ƙanenki,
Nhia

Zuwa ga Yaya Blia,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Rigar da kika aiko wa Baba ta iso, ya sa ta kwana uku a jere.

Na ci gasar. Kada ki yi saurin murna.

Ran harbi da hantsi, jama'a duk suna fili wajen dakan shinkafar biki, na koma gida ni kaɗai. Na sauko da bakan Kou na jiƙa tsirkiyar da ruwa sosai, na goge samanta, na mayar. Kin san jiƙaƙƙiyar rama, nauyi take yi, ba ta jifa.

Kibiyoyinsa uku duk a ƙasa suka faɗi, ko kusa da kututturen ayabar da muke harbi ba su je ba. Na zaci za a yi masa dariya kamar yadda aka yi mini. Ba wanda ya yi. Sai tsohuwa Sua ta ce, "Ai ya yi ƙoƙari, yaro da hannu ɗaya." Da kin ga fuskar Kou. Shekara guda ke nan yana harbi don kada a ƙara faɗa masa wannan magana.

Baba ya karɓi bakan, ya murza tsirkiyar tsakanin yatsunsa, ya dubi yatsun, ya dube ni. 

Da muka koma gida ya sauko da tsohon bakansa a gabanmu. Ya lanƙwasa shi da gwiwa, ya zare tsirkiyar Inna, ya ɗaura a bakan Kou. Ta zauna daram. Sannan ya miƙo mini itacen ya ce, "Ka ci, ga bakanka. Tsirkiya kuwa ta tafi wurin wanda zai bar ta a bushe."

Kou bai taɓa tada zancen ba. Washegari ya kawo wa matata cinyar beguwa kamar kullum, ya ce mini, "Yaya, in kana son aron nawa, ka yi magana." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na so in roƙe ki ki murzo mini wata, tunda ke kaɗai Inna ta koya wa. Na fasa. Ko kin murza, taki ce.

Tun ina ƙarami na san ƙarar tsirkiyar nan, ko a cikin goma zan ware ta. Yanzu kowace safiya ina jiyo ta daga bakin daji, Baba yana zaune a ƙofar gida yana gyaɗa kai. Nawa bakan yana saman murhu, ba shi da murya.

Ki gaida yara. Kada ki karanta wa maigidanki wannan.

Ƙanenki,
Nhia