Gangarar da na yi a ƙofar ɗakin Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ba tambaya nake ko na yi laifi ba, na san ban yi ba.

Ni budurwa ce, a Garwa muke, unguwar Pumpumre, na gama lise, wato sakandare, ina jiran shiga jami'a. Mahaifinmu malami ne, tun ina ƙarama a falon gidanmu yake ba da karatu bayan la'asar, 'yan kasuwa su zo da littattafansu, ni kuma ina tsakar gida ina jin muryarsa tana tafiya a hankali kamar ruwan Binuwai da rani. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, Allah ya tashe shi, sai dai ƙafar hagu jan ta yake yi a ƙasa, ba ta ɗaguwa.

Babban wanmu, Hamma, yana harkar shanu a Ngawundere. Lokacin da Baba ke asibiti ya sa aka gyara falon don ya faranta masa, aka yi ciko aka shimfiɗa farin tayil, wanda muke ce wa karo. Ɗakin Baba da ke buɗewa cikin falon ba a taɓa shi ba saboda littattafai, sai falon ya fi ɗakin tudu da kusan taƙi guda.

Baba ya dawo, ya sa wa Hamma albarka, daga nan ya daina fitowa. Ɗalibai su zo, ya ce a ce musu ya gaji, duk muka ɗauka ciwon ne. Wata rana da hantsi na kai masa kunu, na tarar da shi dafe da ƙyaure yana son ɗora ƙafar a kan karon, ta ƙi. Ya sake gwadawa, da ya gan ni sai ya koma ya zauna. Ya ce wanda ya karantar da dattawa ba za a ciccibe shi a gabansu ba. Ya kuma roƙe ni kada Hamma ya ji, wai alheri yaron ya nufa, kada a ba shi kunya. Na yi masa alƙawari.

Ban yi shawara da kowa ba, na kira magini ya ciccire karon bakin ƙofar, ya yi doguwar gangara da siminti, ya bar ta da kaushi don kada ta yi santsi. Ba ta da kyau, na yarda, toka-toka ce a tsakiyar fari. Amma da ta bushe Baba ya hau ta da sandarsa shi kaɗai, yanzu kullum la'asar falon cike yake.

Wani ya tura wa Hamma hoto. Ya kira ni ya ce na fasa masa aiki, wai lise ce ta koya mini raina manya, wai ruwan goge falo zai gangara ya jiƙa littattafai. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, shi ya sa ni nake gogewa da kaina da matsattsen tsumma. Ya ce ranar Juma'a zai zo da mai karo a mayar da wurin yadda yake, in Baba na son fitowa ai akwai samari a gidan da za su ɗauko shi. Dada, mahaifiyarmu, ta ce in ba shi haƙuri kawai. Baba kuwa yana ta jan carbinsa.

Ban taɓa ɗaga wa Hamma murya ba, amma ranar Juma'a a kan gangarar nan zai same ni zaune, sai dai ya fara ɗauke ni. Abin da ya dame ni shi ne, in na gaya masa dalili na karya alƙawarin Baba, kuma zai san kyautarsa ce ta kulle mahaifinsa a ɗaki. In na yi shiru na zama marar kunya a idon dangi. 'Yan uwa, wanne zan ɗauka a ciki? Gangarar dai ba za a fasa ba.