Ƙashin da Ya Tsiro a Wuyana

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsuna sun daina jin biro.

Likita ya nuna mini hoton wuyana. Wani ƙashi ne ya tsiro inda bai kamata ba, yana danne mini laka. Ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba. Shi ya sa nake tangaɗi, shi ya sa gilashin tagar nan ya suɓuce mini a shagonka. Ba giya ba ce. Ka sa na hura maka baki a gaban ma'aikata, ba ka ji warin komai ba, ka ce wai na iya ɓoyewa, ka ƙwace abin yankan gilashi daga hannuna ka kore ni. Har yau surukina ba ya amsa gaisuwata.

Za a yi mini aiki. Abu ɗaya nake nema a wurinka: ka tsaya inda ka tsaya ranar, ka gaya musu ban taɓa sha ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka.

*

Ƙanena,

Na ga takardarka. Sannu, Allah ya ba ka lafiya.

Amma tsakani da Allah, duk wanda ya ga tafiyarka ranar dole ya yi zargi. Kuma mai shago in ya fara janye maganarsa a gaban ma'aikata, gobe ba mai jin tasa. Na ce musu ka yi tafiya. Teburinka na nan, na hana kowa taɓa shi. Ka warke ka dawo, su gan ka a miƙe, maganar za ta mutu da kanta.

A gaida mutanen gida.
Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni ce matarsa, hannunsa ba ya riƙe komai yanzu.

An cire ƙashin, amma likita ya ce an makara. Ƙanenka ya ce in gaya maka ba zai miƙe ba, ka ba wani teburin.

Jiya ɗaya daga cikin ma'aikatanka ya ji labari ya zo dubiya. Mutumin kirki. Da zai tafi ya dafa shi, a gaban 'ya'yansa, ya yi masa addu'a Allah ya raba shi da kwalba.

Mun gode.
Matar ƙanenka.