Takalmin da Na Ajiye Sai Ranar Tafiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika hore ni da ita, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki ban taɓa rubuta miki ba sai yau, kuma ina rubutun ne ƙafata ta dama a naɗe.

Inna, Kawu yana raye. Ƙanenki da kika bari yana kiwon awaki a kan duwatsun Alantika, shekarar da yunwa ta sauko da ke Garwa. Malam Hamadu, wani Bafulatani da ke raka baƙi hawan dutsen, shi ya kawo labarin wata uku da suka wuce. Ya ce tsohon ya daina fita ɗaki, amma hankalinsa garau, yana ambaton sunanki na yarinta. Daga inda mota ke tsayawa, bayan an haye kogin Faro, kwana biyu ne a ƙafa zuwa ƙauyen, kwana biyu dawowa. Sau nawa kika ce in je in gaida mutanenki, ina ce miki sai kasuwa ta lafa?

Na ce zan je. Jikarki Hadiza, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta tuna mini shekaruna sittin da huɗu da ciwon sugan da nake fama da shi, ta ce ba inda za ni sai na horar da jikina. Tun daga lokacin, kullum bayan sallar asuba nakan goya jaka in taka har gadar Binuwai in dawo. Da mudu biyu na shinkafa na fara, na kai shida. Abokan sahuna a masallaci suka ce Alhaji Sabo ya koma lekol, wato makarantar boko, da furfura. Makon farko cinyoyina suka hana ni tsawaita sujada, amma ban fasa ko sau ɗaya ba.

Malam Hamadu ya zo ya baje kayana a kan tabarma, ya fitar da babbar riga da butar ƙarfe da bargo. Ya bar mini gidan sauro, shimfiɗar roba, gorar ruwa biyu, tocila, magunguna, dabino da ƙuli-ƙuli, sai gishiri da ashana na tsaraba. Da ya ɗaga munduwarki ta tagulla, wadda kika sauko da ita daga dutse, ya ce ta yi nauyi. Na ce gara a rage dabinon. Da me Kawu zai shaida ni in ba da ita ba?

A kan takalmi na yi kuskure. Hadiza ta sa aka kawo mini na hawan dutse, mai kauri, tun watan farko. Na shafa shi, na yaba, na mayar da shi cikin kwalinsa na ɗora a kan kabad, na ci gaba da tattakina da tsohon takalmin roba. Kin tuna yadda kike ɓoye mana takalman Salla a ƙarƙashin gadonki, babu mai taɓawa sai safiyar idi? Kikan ce, "Sabon abu yana da ranarsa." Ni kuwa ban ga ranar da ta kai ranar tafiyar nan ba.

Asabar da ta wuce Malam Hamadu ya ce a yi gwaji a dutsen Tingelin da cikakkun kaya, sai na sa sabon takalmin karon farko. Kafin mu kai rabi na ji dunduniyata na zafi. Na daure na ci gaba da hawa, don kada a ce tsoho ya gaza. Da muka sauko na cire, safar ta manne da jini. Da ya ji wata uku takalmin na cikin kwali, sai ya dafe kai, ya ce shi takalmin tafiya sai ya saba da ƙafa kafin a nuna masa dutse.

Kin san abin da miki ke yi wa mai suga, kin ga yadda ya cinye ƙafar maƙwabcinmu Malam Garba. Litinin Malam Hamadu zai tashi. Bayan wannan tafiyar ba zai hau da dattijo ba sai damina ta wuce, saboda zafin bazara da cikar Faro. Ban sani ba ko Kawu zai jira. Juma'a Hadiza za ta kwance ƙafar, kuma ta sa na yi mata alkawari cewa in mikin bai rufe ba, ba zan yi gardama ba.

Jiya ta durƙusa tana wanke mini shi, sai idona ya faɗa kan ƙafarta. Irin takalmina ne, amma nata ya yi ƙura, ya lanƙwashe a baki. Ashe tun watan farko da shi take zuwa aiki a ƙafa, ta kuma nemi hutu ba ta gaya mini ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, ko da kai ko ba kai, munduwar Kaka za ta hau dutsen nan."

Ina so in je da ƙafata in durƙusa gaban ƙanenki in nemi gafarar jinkirin da na yi. In ba a ƙaddara ba, jininki dai zai isa.

Allah Ya rufe wannan miki kafin Juma'a, Ya ara wa Kawu kwana har mu iso. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini "sai kasuwa ta lafa" da na yi ta ce miki.

Ɗanki mai jiran Juma'a,
Sabo, daga Garwa